An Ce Auta Ba Ya Fita

A Gumel in ana son a san sana'ar mutum, ba shi ake tambaya ba. Maƙwabcinsa ake samu, ko mai shayin bakin layinsu, a ce, "Wane kuwa yaushe yake fita?" In aka ce da sassafe, to magana ta ƙare, mutumin kirki ne, ko da gindin bishiya yake zuwa ya yini yana gardamar ƙwallo. Ni dai ban taɓa samun matsala ta wannan fuskar ba. Riɗi da zoɓo nake saye da sayarwa a kasuwar Maigatari, kuma babur ɗina yana da irin ƙarar da duk unguwa take shaida fitata. Ƙanina kuwa, autan gidanmu, wanda ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, ya kusa rasa matar da yake so saboda ba a taɓa jin tasa fitar ba.

Auta ya yi boko a Kano, ya wuce ƙasar waje ya ƙaro, har muka fara sabawa da ganinsa a waya kawai. Sai Baba ya rasu, ciwon gwiwa ya sa Inna a gaba, hawan jini ya biyo baya. Ni ina gidana a wata unguwa da iyalina, 'yan'uwanmu mata kowacce tana ɗakin mijinta. Rannan sai ga Auta da akwati da kwamfuta, ya ce ya dawo ke nan, wai aikinsa ba ya bukatar ofis, in dai akwai wuta da intanet ko a ina ya zauna zai yi. Ya sa aka kafa faifan sola a kan rufi, ya share ɗakin da ke kallon na Inna, ya ajiye teburinsa a bakin taga yadda ko tari ta yi zai ji. Na ji daɗin abin ƙwarai, har na yabe shi a gaban mutane, abin da ban saba yi ba.

Da ya huta na tambaye shi aikin.

"Yaya, iska nake aunawa," in ji shi.

"Da mudu ko da sikeli?"

Bai yi dariya ba. Auta ba ya gane wasa in an taɓo aikinsa. Ya zaunar da ni ya yi min bayani, kuma ga abin da ya zauna a kaina bayan ya maimaita har ya gaji. A wuraren da ake haƙar mai da gas akwai wata iska da take tserewa daga bututu da rijiyoyi da tankuna, su suna kiranta meten. 'Yar'uwar gas ɗin girki ce, sai dai ba ta da launi, ba ta da wari, mutum zai iya tsayawa kusa da ita yana cin goro bai sani ba. In ta hau sama sai ta riƙe zafin rana ta hana shi fita, shi ya sa ake ɗora mata wani kaso na laifin zafin nan da ke ƙaruwa a duniya. Akwai taurarin ɗan'adam da suke zagaya duniya suna duban hasken rana da ya bugi ƙasa ya koma sama. Iskar nan tana cinye wani ɓangare na hasken, ɓangaren da idonmu ba ya gani. Aikin Auta shi ne ya duba inda hasken ya ragu, ya haɗa da inda iskar gari ta kaɗa a ranar, ya gano daga ina yoyon yake fitowa, kuma yaya yawansa yake.

Na ce, "Ka taɓa ganin tauraron?"

"A hoto dai."

"Ka taɓa zuwa inda ake haƙar man?"

"A'a."

"Iskar fa?"

"Ai na gaya maka ba a ganinta, Yaya."

Na ce to Allah ya ba da sa'a, na tashi na tafi. Ni mutum ne da in ban cusa hannu cikin buhu na ji danshin riɗi ba, ba na saye. Amma ana biyansa, kuma yana gyara gida, don haka na bar shi da iskarsa.

Abin da na fara lura da shi in na je gaida Inna shi ne gidan ya yi tsit. Da can gidanmu sai ka ce kasuwa. Akwai wata ƙaramar ƙofa tsakanin gidanmu da na maƙwabta, ta nan mata suke ɓullowa tun da hantsi, wannan ta zo kitso, wannan ta zo da gyaɗarta a taya ta ɓara, waccan ta zo aron turmi ta ƙare da yin dakan a nan. To Auta yana yin taro da abokan aikinsa ta kwamfuta, safiyar wasunsu ita ce azahar ɗinmu. Sai ya leƙo ta taga da abin saurare a kunne, cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Inna, don Allah a ɗan rage murya, ina taro." A hankali aka kife turmi a jikin bango, tsakar gida ta zauna a share daga safe har yamma. Na koma gida na ce wa mai ɗakina, "Kin ga Inna ta samu hutu, Auta ya raba ta da hayaniya." Ta dube ni ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana nan sai Auta ya ga yarinya. A wani ɗaurin aure na dangi a Sule Tankarkar suka haɗu, malama ce mai koyar da lissafi a firamare. Ita kaɗai ce na taɓa gani ta yi masa tambaya ta biyu a kan aikinsa ba tare da an tilasta mata ba, kuma ina jin a nan ta gama da shi. Yaron da sai an yi da gaske yake cin abinci ya fara tambayar ko hularsa ta dace da rigarsa. Na sani yana sonta, so irin wanda ba a iya ɓoyewa, don har ni ya fara yi wa dariya in na tsokane shi.

Na bi ta Gagarawa Tasha na ɗauko Baffa, ƙanin mahaifinmu, muka je neman aure. Mahaifinta wani Alhaji ne dattijo da ya daɗe yana fataucin hatsi da dabbobi tsakanin nan da Damagaram. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo fura, aka yi barkwanci, sannan ya ce a ba su lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba. Muka ce ai haka ya kamata. Ni har ina yi wa Baffa alfahari a hanya, ina cewa su bincika har ƙarƙashin gado.

Bayan 'yan makonni Baffa ya kira ni. Ya ce saƙo ya zo. An ce yaron ba shi da aibu, yana salla a jam'i, ba ya shan komai, ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Amma an ce ban da masallaci ba ya fita. Don haka a ɗan dakata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san inda maganar ta fito, na zarce wurin mai shayin bakin layin su Inna, wanda ya san shiga da fitar kowa.

"Kai ka ce Auta ba ya fita?"

"Ni kuwa, yallaɓai. Ai yabonsa na yi. Na ce masu irin wannan yaro ba a samunsa yanzu, ko ƙofar gida ba ya zama."

Na ga dai da zuciya ɗaya ya faɗa. Na sha shayi na biya na tafi.

Auta ya ji labarin, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Kwana da kwanaki tuwo yana dawowa yadda aka kai masa. Ya ba ni tausayi, ni kuma in na ji tausayi sai dabara ta zo min, kuma ba kullum take zama ta kirki ba. Na ce a raina mutanen nan sun ɗauka zaman kashe wando yake yi. To in fita suke so, za su ga fita.

Na fara zuwa da babur tun da safe ina ɗaukarsa, jaka a bayansa, in tsaya a gaban mai shayi in matsa hon ko babu kowa a hanya. Na kai shi rumfata a Maigatari, na share masa wuri tsakanin buhunan zoɓo, na ɗora masa katako a kan buhu ya zama tebur. Abin bai yi daɗi ba. Layin wayarsa ya riƙa tsallakawa na Nijar yana dawowa, don bakin iyaka muke. Ƙaiƙayin riɗi ya shiga kwamfutar. Yana cikin taro da Turawansa wani raƙumi ya yi kuka a bayan rumfa, wata mata a can ta tambaye shi ko lafiya. 'Yan kasuwa kuwa suka yanke hukunci cewa karatun bai yi ba, shi ya sa yayansa ya ɗauke shi akawu.

Wata Alhamis, ranar da kasuwa take ci, wani dillalin shanu ya zo gaishe ni ya ga hotuna a kwamfutar ya tambaya. Da Auta ya ce taswira ce da an wuce wurin. Amma Auta in an tambaye shi sai ya ba da amsa har da ƙari. Ya yi bayanin rijiyoyin mai, sannan ya ƙara da cewa ai har shanu ma suna fitar da wannan iska, ta hanyar gyatsa, in suna tuƙa. Kafin la'asar labari ya zagaye kara, wato kasuwar shanu, cewa an turo wani yaro mai na'ura yana ƙirga gyatsar shanu daga sama don a sa mata haraji. Wani dattijo ya tako har rumfata, ya yi sallama, ya dogara sanda, ya ce wa Auta, "Ɗana, ka rubuta ka kai masu, nawa shanun dai ba su da wannan hali." Na yi dariya har na riƙe ciki, Auta kuwa ya tashi tsaye yana rantsuwa cewa shi da rijiyoyin mai kawai yake aiki.

Ba wannan ne ya kashe dabarar tawa ba. Hankalinsa ne ya ƙi kwanciya. Duk bayan ɗan lokaci sai ya kira Inna. Wata rana ya yi ta kira ba ta ɗauka ba, ya tattara kayansa ya hau mota ya koma Gumel a gigice. Ya tarar da ita a tsakar gida, ƙafa ɗaure da lalle, ɓawon gyaɗa ko'ina, tabarmi a shimfiɗe ba a naɗe ba, wayar kuma tana ƙarƙashin matashi a ɗaki. Da na zo da yamma ya ja ni gefe ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Ko waya ba ta iya zuwa ta ɗauka, ga gida ya yi kaca-kaca. Ba zan sake barinta ba." Na ce gaskiya ne, na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Sai na fito da dabara ta biyu. Na ce tunda sun ƙi yarda da fita, mu kai masu aikin su gani da idonsu. Na sa Baffa ya nema mana izini, muka shirya da hantsi muka nufi Sule Tankarkar, Auta rungume da kwamfuta.

Alhaji ya karɓe mu a zaure. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne a ga sana'ar yaron nan, kada a ce mun ɓoye wani abu." Ya ce madalla, ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya matso. Auta ya buɗe hoton wata hamada a wata ƙasa mai nisa. Ga layin bututu siriri, ga wasu 'yan gine-gine, sai wani tabo ja da ruwan ɗorawa ya tashi daga wuri ɗaya ya miƙe gefe kamar wutsiya.

"Wannan ita ce iskar?" in ji Alhaji.

"Ita ce, Baba. Launin mu muka sa mata don a gane. Inda ya fi ja nan ta fi yawa, wutsiyar kuma inda iskar gari ta kwashe ta ne."

"Ranar da hadari ya rufe sama fa?"

"Ba ma ganin komai. Sai mu jira."

"To in ka gano, wa kake gaya wa?"

"Masu wurin, da hukumar ƙasar."

"Suna toshewa?"

Na taka ƙafar Auta a hankali don ya ce e. Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Wasu suna toshewa, Baba. Wasu su ce ba nasu ba ne. Wasu ko amsa ba sa bayarwa." Sannan ya buɗe wani hoton na wurin dai, babu tabon, ya ce wannan kam sun gyara.

Alhaji ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce, "Ashe ko daga sama ka leƙo, mutane suna nan yadda muka san su."

Na ga wuri ya yi daɗi, sai na gyara zama na fara jawabin da na shirya tun a gida, cewa zamani ya canza, aiki ba sai an fita ba, yaron nan ya fi masu fita da yawa. Alhaji ya ɗaga min hannu.

"Ɗana, dakata. Wa ya ce maka na ce ba shi da sana'a? Na yi yawon duniya, na ga masu ofis da ba sa aikin komai, na ga masu aiki da ba su da ofis. Ni tun ranar farko na gamsu. Maganar nan ba tawa ba ce, daga cikin gida take. Mahaifiyata ce ta raini yarinyar, ita ta ce a dakata. Ku shiga ku gaishe ta."

Aka yi mana iso, muka shiga muka durƙusa a gaban wata tsohuwa 'yar ƙarama, tana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya. Mata sun cika tsakar gidan, da suka ga maza sai kowacce ta jawo mayafi, hira ta yanke, masu daka suka tsaya da taɓarya a hannu.

Tsohuwar ta ƙare wa Auta kallo ta ce, "Kai ne mai leƙen duniya?"

"Ni ne, Hajiya."

"To ni ban san tauraro ba, gida na sani. Ka ga yadda wurin nan ya yi shiru da kuka shigo? Yanzun nan ana dariya. Mace in mijinta ya fita da safe, gida ya zama nata. Ta ajiye hijabi, maƙwabciya ta shigo aron gishiri ta zauna har azahar, a yi kitso, a yi dariya da ƙarfi, wadda take da damuwa ta faɗa a taya ta. In namiji yana ciki wa zai shigo? Ko ta shigo, a tsaye za ta gaisa ta juya. Za ku ɗauke min yarinya ku kai ta garin da ba ta san kowa ba, sannan ku ajiye mata mai gadi a bakin taga? Da wa za ta saba? Ranar da ta kwanta ciwo wa zai san hanyar ɗakinta?"

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Hajiya, ba don son zama nake zama ba. Mahaifiyata ce ba ta da lafiya. Ba na son ta zauna ita kaɗai."

"Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka haka. Kafin ka dawo ita kaɗai take zama?"

Auta ya juyo ya dube ni. Ni kuma na kawar da kai.

"Je ka tambaye ta," in ji tsohuwar. "In ta ce zamanka ya fi mata, ka dawo, ni da kaina zan ba ka yarinyar."

Muka yi mata sallama muka fito ƙofar zaure. Muna sa takalmi muka ji daka ta ci gaba a ciki, wata ta faɗi wani abu aka kwashe da dariya. Ina da tabbacin mu ake yi wa.

Mun isa Gumel bayan la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, rediyo a gefenta an rage masa murya har sai ka kasa kunne kafin ka san yana kunne. Auta ya zauna a ƙasa kusa da ita, ni na tsaya jikin bango. Bai yi kwana-kwana ba, don bai iya ba. Ya ce, "Inna, zamana a gidan nan yana takura miki?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ɗa ya baro ƙasar Turawa ya dawo saboda ni, sannan in ce ya takura min? Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni. Don Allah ki gaya min gaskiya."

Ta juya tana gyara ɗankwali, ta ɗauki rediyo ta ajiye. Na ga idonta ya sauka a kan turmin da ke kife.

"Auta, na san don kada in zauna ni kaɗai ka dawo, kuma ba ranar da ba na sa maka albarka. Amma ni ban taɓa zama ni kaɗai ba sai da ka dawo."

Ya ɗago ya dube ta. Ta ci gaba a hankali, ba faɗa a muryarta. Ta ce yaran matan maƙwabta kunyarsa suke ji, ba za su zauna kai ba ɗankwali ana yi masu kitso yana kallo ta taga ba. Tsofaffin kuma ba su iya hira da raɗa ba, tun da aka ce su rage murya suka ɗauka korarsu aka yi cikin ladabi. Ta ce ƙawarta ta bayan layi ta yi jinya har ta tashi ba ta ji ba, don mai kawo mata labari ta daina shigowa. Ta ce, "Kwanakin nan da yayanka ya riƙa janka Maigatari, ji na yi kamar ana bikin salla. Har lalle na ƙunsa."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"In ce da kai me? In ce fita min daga gida?"

Auta ya kifa kansa a kan gwiwarta, gwiwar mai ciwon, ya yi kuka irin wanda rabon da in ga ya yi tun yana ƙarami. Ta dafa kansa tana cewa ya isa, ya isa, za ka karya ni. Ni ma idona ya kawo ruwa, na juya na shiga duban faifan sola kamar na san wani abu a kansa.

Da na koma gida na ba mai ɗakina labari, na ce abin ya ba ni mamaki. Ta ce ita bai ba ta ba. Ta ce, "Maigida, ranar da babur ɗinka ya lalace ka yini a gida, ka ga wata ta shigo?" Na yi tunani na ce a'a. Ta ce, "To shi ya sa na aika aka kira maka bakanike tun kafin ka nema."

A ƙofar gidanmu akwai shagon Baba, ɗaki ne mai ƙofa ta waje, inda yake zama da abokansa. Tun da ya rasu yake rufe, an cika shi da tsofaffin buhuna da garmar da ba mai amfani da ita. Muka kwashe, aka yi fenti, aka jawo waya daga sola, muka ɗauko teburin Auta daga bakin taga muka kai can. Daga ɗakinsa zuwa shagon, ko tsohuwa mai sanda ba za ta tsaya hutawa ba. Amma sai an bi ta zaure an fita titi kafin a shiga, kuma mai shayi yana gani. Da aka sake turo masu bincike ya ce masu, "Yana fita kullum, har da jaka." An ɗaura auren bayan kaka. Amarya ba ta yi wata ba ta san sunan kowace mace a layin, kuma ita ce yanzu take leƙa shagon ta ce masa ya rufe tagarsa, za a yi daka.

Abin da ya fi zauna min a rai dai shi ne safiyar farko. Na je da wuri don in tsokane shi. Na tarar ya yi wanka ya sa hula, ya rataya jaka kamar mai zuwa Kano. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna yana jin kunya, ya ce, "Inna, na fita."

Na buɗe baki zan ce a gaida mutanen hanya, sai na ga Inna ta dafa bango ta miƙe, ita da ba ta tashi sai an kama ta. Ta biyo shi a hankali har bakin zaure, daidai inda take tsayawa kowace safiya lokacin Baba yana da rai. Ta ce, "Allah ya tsare hanya. Allah ya ba da sa'a. A dawo lafiya." Tun ranar da aka fitar da Baba daga gidan nan ba ta samu wanda za ta ce wa haka ba.

Auta ya ce amin, ya fita, ya buɗe shago ya shiga. Inna ta goge ido da gefen zaninta, ta juyo ta gan ni tsaye a tsakar gida. Ƙaramar ƙofar maƙwabta ta riga ta fara motsi. Ta ce, "Kai kuma me kake jira? Tayar min da turmin nan, ka kama hanya."